"Yaran Zamani": Abin da Kimiyya Ta Gano Game da Kukan Dattawa a Kan Matasa

Gabatarwa

Duk wanda ya saba zama a majalisar dattawa, ko a gindin bishiya bayan la'asar ko a ƙofar masallaci kafin isha'i, ya san akwai wata magana da ba ta ƙarewa, wato maganar yaran zamani. Za ka ji ana cewa matasan yanzu ragwaye ne, ba sa son noma, ba sa ganin girman na gaba da su, ba abin da suka iya sai latse-latsen waya da neman kuɗi ba tare da gumi ba. Daga ƙarshe wani ya nisa ya ce, "Mu a zamaninmu ba haka muke ba." Maganar kuwa ba a majalisa kaɗai ta tsaya ba. A watan Afrilu na 2018, shugaban ƙasa na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, ya yi wani jawabi a birnin Landan inda ya nuna cewa da yawa daga matasan Nijeriya ba su yi karatu ba, kuma suna zaune suna jiran a yi musu komai kyauta. Nan da nan kalmar "cima-zaune" ta cika gari, matasa suka fusata, wasu dattawa kuma suka ce ai gaskiya ce aka faɗa.

Wannan hukunci ba abin wasa ba ne a ƙasar da fiye da rabin jama'arta ba su kai shekara 20 ba. Da shi uba yake yanke shawarar ko zai damƙa wa ɗansa gona, da shi attajiri yake auna ko zai ba yaronsa jari, da shi kuma malami yake shiga aji ya dubi ɗalibansa. Saboda haka ya dace mu yi masa irin tambayar da kimiyya take yi wa kowace da'awa: mene ne hujjarsa? Domin amsa wannan tambaya za mu ɗauki garin Dawanau da karkarar da ke kewaye da shi a matsayin misali, sa'an nan mu duba abin da masana ƙwaƙwalwa da halayyar ɗan Adam suka gano.

Ƙasar da ba ta hutu

Dawanau tana cikin Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa, a bakin birnin Kano ta hanyar Katsina. Tana cikin yankin nan da masana labarin ƙasa suke kira da'irar Kano mai cunkoson jama'a, wanda Michael Mortimore da abokin aikinsa J. Wilson na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka yi bayaninsa a 1965. Tun a wancan lokaci an sami fiye da mutum 140 a kowace murabba'in kilomita, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari na ƙasar ana noma ta kowace damina ba hutu. Abin da ya riƙe albarkar ƙasar shi ne taki. Manoma suna ɗaure dabbobi a gida su tara kashinsu, jakuna kuma suna shiga birni da itacen wuta su fito da mangaloli cike da shara da toka. Babu shakka mutanen da suka yi wannan aiki jarumai ne, kuma suna da haƙƙin yin alfahari da shi.

Tsarin da ya ɗauki nauyin wannan noma shi ne gandu. A ƙarƙashinsa 'ya'ya maza, har da masu aure, suna aiki a gonar mahaifinsu tun daga safe zuwa azahar. Shi kuma uba yana ciyar da su, ya biya musu haraji, ya yi musu auren fari, ya kuma yanka wa kowa gayauna wadda zai noma da yamma don amfanin kansa. Wato gandu yarjejeniya ce mai ɓangare biyu: ɗa yana ba da ƙarfinsa, uba yana ba da ƙasa da rufin asiri.

A nan ne tarihi ya ba mu darasi na farko. Kukan cewa gandu yana rushewa, samari ba sa zama ƙarƙashin iyayensu, ba yau aka fara shi ba. Masu bincike sun ji shi a karkarar Zariya da Sakkwato da Kano tun a shekarun 1960 da 1970. Wata masaniya 'yar Ingila, Polly Hill, ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina a 1967, daga baya kuma a Ɗorayi kusa da birnin Kano, ta lura cewa gandu ya fi ƙarfi a gidajen manoma masu gonaki da yawa, alhali 'ya'yan talakawa su ne suka fi barin gida. Ke nan abin da ya raba ɗan da ya zauna da wanda ya tafi, sau da yawa, girman gonar uba ne. Mai karatu ya lura kuma da wani abu: saurayin da yake da shekara 20 a 1970, wanda dattawan lokacin suke kuka da shi, yau ya haura shekara 70. Shi ne yake zaune a majalisa yana faɗin irin maganar da aka faɗa a kansa.

Lissafin gona

Bari mu yi ɗan lissafi mai sauƙi. A ce wani manomi ya rasu ya bar gona eka 10 da 'ya'ya maza 5, mu kuma ajiye rabon 'ya'ya mata a gefe domin sauƙaƙe lissafin. Kowane ɗa zai sami eka 2. Idan kowannensu shi ma ya bar 'ya'ya 5, to jika zai tashi da ƙasa da rabin eka. Kaka ya ciyar da gida guda da gonarsa, jika kuwa ko ya fi kowa ƙwazo a duniya, rabin eka ba zai ciyar da shi da iyalinsa shekara ba. Alƙaluman ƙidaya sun nuna irin wannan matsi: an ƙirga mutum kimanin miliyan 5.8 a Jihar Kano a 1991, sai ga miliyan 9.4 a 2006. Ƙasa kuwa ba ta ƙaru ko da taƙi ɗaya ba, hasali ma birni yana ta cinye gonakin da ke gefensa ana mai da su filayen gini da rumbunan ajiya.

Bugu da ƙari, abubuwan da suka sa noma ya zama abin dogaro ga saurayin da sun sauya. Farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 sun karya noman da ya gina dalar gyaɗa a Kano. An fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, yara suka tafi aji a lokacin da a da suke gona. Gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a 1979, wato ɗaya daga cikin nauyin da uba yake ɗaukar wa ɗansa ya kau. Wani fari ya sake aukuwa a 1983 da 1984. A 1985 kuma aka kafa kasuwar hatsi ta Dawanau, wadda ta bunƙasa ta zama ɗaya daga cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, inda fatake daga Nijar da Chadi da Kamaru da kudancin Nijeriya suke zuwa sayen gero da dawa da masara da wake da riɗi da zoɓo.

Wanda ya shiga wannan kasuwa da kaka zai ga su wa suke aikin. Samari ne suke saɓa buhu mai nauyin kusan kilo 100 su hau katako su loda shi a tirela. Su ne 'yan awo da masu ɗinkin buhu da direbobi da yaran mota, mata kuma suna tsintar riɗi da zoɓo a rumbuna. Wayar da ake zargi ita ce ake tambayar farashi da ita, kuma lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, ta cikinta ne ciniki da yawa ya gudana. Ƙarfin da a da ake zubawa a gonar gandu bai ɓace ba, wurin zuba shi ne ya sauya. Masu iya magana sun ce, in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Shin jinin ne ya sauya?

Wani lokaci akan ji dattijo yana magana kamar halittar yaran yanzu ce ta bambanta. Ilimin halittu bai goyi bayan wannan ba. Ɗan Adam yana gadon ƙwayoyin gado daga iyayensa, rabi daga uwa rabi daga uba, kuma kafin wata siffa ta gado ta yaɗu a cikin al'umma sai an yi tsara bayan tsara. Alal misali, ikon narkar da ɗanyar madara bayan an girma, wanda ya yawaita a tsakanin Fulani makiyaya da mutanen arewacin Turai, yana cikin sauye-sauye mafiya sauri da aka sani a jikin ɗan Adam, amma duk da haka sai da ya ɗauki dubban shekaru. Tsakanin kaka da jika kuwa shekara 50 ne ko 60. Saurayin Dawanau na yau da jinin kakansa yake yawo.

Abin da yake bambanta saurayi da dattijo shi ne matakin girman ƙwaƙwalwa. A 1999 Jay Giedd da abokan aikinsa a Amurka suka fitar da sakamakon hotunan ƙwaƙwalwar yara da suka riƙa ɗauka da na'urar maganaɗisu shekara bayan shekara. Wannan bincike da waɗanda suka biyo bayansa sun nuna cewa ɓangaren goshi na ƙwaƙwalwa, wanda yake kula da tsara al'amura da danne zuciya da hangen ƙarshen abu, yana cikin na ƙarshe wajen kammala girma, domin yakan kai wajen shekara 25 yana gyaruwa. A tsawon wannan lokaci ana rage mahaɗan jijiyoyin da ba a amfani da su, ana kuma lulluɓe sauran da wani kitse mai suna mayalin, kamar yadda ake lulluɓe wayar lantarki da roba, domin saƙo ya yi sauri. Ɓangaren da yake jin daɗin lada da sabon abu kuwa, wanda yake aiki da sinadarin dofamin, yakan yi ƙarfi tun farkon balaga. Wato doki ya riga linzami ƙarfi.

A 2005 Margo Gardner da Laurence Steinberg suka gwada wannan da wasan tuƙin mota a kwamfuta. Matasa sun fi yin ganganci sosai idan abokansu suna kallo, manya kuwa kallon bai sauya tuƙinsu da yawa ba. Duk wanda ya ga yadda saurayi yake murza babur a gaban tsararsa ya san wannan. Amma fa wannan ɗabi'a ta kowane zamani ce, kuma tana da amfaninta, domin ita ce take tura saurayi cin rani, ita ce kuma ta kai samarin Hausawa Gwanja fataucin goro a ƙafa. Har ila yau, a 2006 Brent Roberts da abokan aikinsa suka tattara bincike 92 da aka bi mutane shekaru da dama, suka ga cewa natsuwa da riƙon aiki suna ƙaruwa da shekaru, musamman tsakanin 20 da 40. Saboda haka idan mai shekara 65 ya kwatanta kansa da mai shekara 20, bambancin da zai gani na gaskiya ne, sai dai mafi yawansa bambancin shekaru ne, shi kuma yana ɗaukarsa bambancin zamani.

Yadda tuni yake gyara labari

To, me ya sa dattijo ba ya tuna cewa shi ma ya yi ƙuruciya? Mutane da yawa suna zaton tuni kamar faifan rikoda ne, abin da aka ɗauka shi zai fito. Tun a 1932 Frederic Bartlett na Jami'ar Kambirij ya nuna ba haka ba ne. Ya ba mutane labari su karanta, ya riƙa sa su maimaita shi bayan kwanaki da watanni, sai ya ga suna zubar da wani abu suna ƙara wani, har labarin ya dace da abin da suka saba. Duk lokacin da muka tuna wani abu, sake gina shi muke yi, kuma da kayan ginin yau muke gina shi.

Masana sun gano hanyoyi da dama da wannan gini yake karkata. Na farko, idan aka tambayi tsofaffi abubuwan da suka fi tunawa, mafi yawa sukan fito ne daga tsakanin shekara 10 zuwa 30 na rayuwarsu, lokacin da jiki yake da ƙarfi kuma komai sabo ne. Na biyu, zafin abu mara daɗi yana saurin dushewa fiye da daɗin abu mai daɗi, shi ya sa wahalar fari da yunwa takan koma labarin jarumtaka. Na uku, akwai kuskuren auna waɗanda suka rage. Tsohuwar tukunyar da ta shekara 40 a ɗaki takan sa a ce maginan da sun fi na yanzu, an manta ɗaruruwan da suka fashe tun a shekarar farko. Haka dattawan majalisa suke: su ne waɗanda suka natsu suka riƙe gida, ragwaye da 'yan ta'adin tsararsu kuwa an daɗe da mantawa da su. Ana kwatanta zaɓaɓɓun jiya ne da ɗaukacin matasan yau.

A 2019 John Protzko da Jonathan Schooler na Jami'ar Kalifoniya suka yi wa wannan al'amari gwaji kai tsaye da manya 3,458 a Amurka. Sun gano cewa kowa ya fi ganin gazawar matasa a fannin da shi ya yi fice: mai tsananin girmama na gaba yana ganin yara ba su da ladabi, mai yawan karatu yana ganin yara ba sa son karatu. Da suka shaida wa wasu cewa makinsu a jarrabawar sanin marubuta ya yi ƙasa, sai hukuncinsu a kan matasa ya yi sauƙi. Ma'ana, mutum yana ɗaukar halinsa na yau ya jingina wa yarintarsa, sa'an nan ya jingina wa dukkan tsararsa. A 2023 kuma Adam Mastroianni da Daniel Gilbert suka duba ra'ayoyin da aka tattara daga ƙasashe aƙalla 60, suka ga cewa fiye da shekara 70 ke nan mutane suna cewa tarbiyya tana lalacewa. Amma idan aka tambayi mutane yadda ake mu'amala da su a halin da suke ciki, amsar ba ta sauya ba tsawon shekarun. Daɗin daɗawa, idan aka tambaye su game da mutanen da suka sani da kansu, sai ganin lalacewar ya ragu ƙwarai. Wannan ya yi daidai da abin da muke ji a gida: mutum zai ce yaran zamani sun lalace, amma nasa ɗan, Alhamdu lillahi, yana ƙoƙari.

Inda kukan yake da gaskiya

Kada mai karatu ya ɗauka cewa duk abin da dattawa suke faɗa mafarki ne. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Shaye-shaye matsala ce ta gaske. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna cewa kashi 14.4 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64, wato kimanin mutum miliyan 14.3, sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a shekarar da ta gabaci binciken. A watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta haramta yi da shigo da maganin tari mai ɗauke da kodin. Daba da ƙwacen waya ma sun jefa gidaje da yawa cikin makoki.

Sai dai wannan adadi yana da fuska biyu. Ya isa ya tayar wa kowa hankali, kuma shi ne ya nuna cewa kimanin mutum 85 cikin kowane 100 ba su cikin wannan hali. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma labarin ɗan daba ɗaya ya fi saurin yaɗuwa a kan labarin 'yan dako ɗari da suka wuni suna lodi. Zamanin da ma ba a rasa tashin hankali ba: rikicin Maitatsine na Disambar 1980 ya ci rayuka fiye da 4,000 a Kano. Bambancin da ke tsakanin "akwai matasa masu shaye-shaye" da "matasan yanzu 'yan shaye-shaye ne" babba ne. Maganar farko tana kai mu ga neman dalili da magani, ta biyu kuwa tana sa a yi wa mai laifi da marar laifi kuɗin goro, a rufe musu ƙofar jari da amana gaba ɗaya.

Aiki ga ɗalibai da malamai

Ga wani gwaji da kowace makarantar sakandare za ta iya yi ba tare da kashe ko kwabo ba. Kowane ɗalibi ya je wurin mutum uku, mai shekara kamar 70, da mai 45, da mai 25, ya gaishe su cikin ladabi, ya yi wa kowa tambaya iri ɗaya. Yana ɗan shekara 20, me manyansa suke cewa game da tsararsa? Gonar gidansu eka nawa ce, kuma mutum nawa take ciyarwa? Cikin abokansa goma na ƙuruciya, nawa ne suka zauna noma, nawa suka tafi? A rubuta amsoshin ba tare da sunaye ba, a tara na ajin duka a jadawali a kan allo. Malami ya taimaka wa ɗalibai su rarrabe abin da shekaru suka jawo, da abin da yanayin ƙasa da tattalin arziki suka jawo, da abin da ra'ayi ne kawai. Wannan shi ne tushen aikin kimiyya: a ƙirga kafin a yanke hukunci.

Kammalawa

A taƙaice, dattijon da ya ce saurayi bai kai shi natsuwa ba ya faɗi gaskiya, amma ma'aunin da ya dace shi ne saurayin da shi kansa ya kasance, a gona mai faɗin ta yau da farashi irin na yau. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ga iyaye da malamai, ilimin ƙwaƙwalwa yana nuna cewa shekarun samartaka lokaci ne da ake kan gini, kuma ɗora wa matashi nauyi daidai ƙarfinsa tare da sa masa ido ya fi kiransa rago amfani. Ga ɗalibai kuma, wannan bayani ba lasisin raina manya ba ne, domin sanin ƙasa da iri da damina da ke kan dattawan Dawanau babu shi a littafi, kuma wanda bai zauna ya karɓa ba zai yi asara. Ku riƙe kuma cewa nan da shekara 40 ku ne za ku zauna a majalisa, ƙwaƙwalwarku kuma za ta yi muku irin gyaran labarin da take yi wa kowa. Allah Ya sa a lokacin ku tambayi hujja kafin ku yanke wa na bayanku hukunci.